Kafin Ka Sauka Rijiyarka ta Farko

Koki, cikin birnin Kano, ranar Laraba.

Da sunan Allah mai fito da ruwa daga inda ya so. Zuwa ga ɗana Baffa, a gidan kawunsa da ke Shahuci. Ina gaishe ka, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da mutanen gidan duka. Allah ya tsare gabanka da bayanka. Mahaifiyarka ma tana gaishe ka, ko da yake na san kun gaisa jiya, don na ga ta fita da kwanon tuwo a ƙarƙashin mayafi, ta ce wai barka za ta. Ban tambaye ta wa ya haihu ba.

Yau kwana tara ba ka tako gidan nan ba, ga shi an ce ranar Asabar motarku za ta tashi zuwa ƙauyukan da hukuma ta tura ka, ka shugabanci masu haƙa rijiyoyin siminti. Na san abin da ya kore ka. Ran nan a zaure, gaban Malam Isa da sauran abokan hirata, kana ba da labarin sabon aikinka, ka ce kai da kanka za ka riƙa sauka kana duba ƙasan kowace rijiya. Na tuntsire da dariya na ce, “Kai ɗin? Kai da ko rumbu ba ka taɓa shiga ba?” Suka taya ni dariya, kai kuwa ka sunkuyar da kai, ka ɗauki takalmanka ka fita. Ban kyauta ba. Kai ɗan fari ne, ba mu saba zama mu yi doguwar magana ba, kuma bakina ya fi ƙwarewa a zolaya. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ba na so ka bar garin nan kana zaton ubanka ya raina ka, kuma ba na so ka sauka rijiya ba ka ji abin da na ɓoye maka ba.

Amma bari in fara da abin da ke ci mini rai tun ranar, don da ban yi waccan dariyar ba, da na tsare ka da tambaya har la’asar. Wai zoben simintin nan, da gaske ne shi yake bin mai haƙa yana nutsewa da kansa? To in ya karkace fa, wa ke daidaita shi? In kun tarar da marmara, da me kuke fasa ta, ko ku ma dagi ne da haƙuri irin namu? Kuma in siminti ya rufe bango, ta ina mutum zai ga launin ƙasa ya san ruwa ya kusa? Ka san halina. Shekarar da gwiwoyina suka ƙi, muka baro Unguwar Dinya muka dawo birni, yini guda na yi ina bin bututun famfo da sanda ina so in ga inda ruwan yake fitowa, har wani mai shago a Ƙofar Wambai ya ce da ni, “Baba, wani abu ka yar ne?” Na ce masa rijiyar nake nema. Har yau in ya hango ni zaune ina sayar da igiya da guga sai ya ce, “Baba, an gano ta kuwa?”

Shekara arba’in da ɗoriya na yi a ƙauye, damina ina gona, rani ina cikin rami. Haka ubana ya yi. Mai haƙa rijiya kuwa ba rijiya kaɗai yake haƙawa ba. In an yi rasuwa, shi ake fara bugo wa ƙofa, don shi ya san inda ƙasa take da taushi a maƙabarta. In akuya ta faɗa, shi ne. In gugan amarya ya tsinke tana kuka tana tsoron faɗa, shi ne zai zo da ƙugiya. Na haƙa wa mutane wurin sha, na haƙa wa iyayensu wurin kwanciya, kuma ban taɓa jin aikin ya gundure ni ba, don ba ramin da ya yi kama da wani. Sai dai abubuwan da na yi daidai ba su za su amfane ka ba, su kowa zai ba ka labari. Waɗanda na ɓata zan faɗa maka.

Wata shekara, kana goye lokacin, mai unguwar Kafin Doka ya aiko a kira ni. Mutanensa ruwan kududdufi suke sha, ja wur, sai an tace da tsumma. Na zaga garin kwana biyu ina duba itatuwa, ina tona gindin suri ina sansanar ƙasa. Na sami wuri kusa da wani ɓaure, dab da masallaci, inda dattawa ke shimfiɗa buzu bayan salla. Na nuna musu, suka ce madalla, ga alwala ta zo kusa. Aka yi gayya, aka yi kiɗa, a zurfin gaba goma sha huɗu muka tarar da ruwa garau. Limam ya kurɓa ya yi kabbara, aka yanka rago. Na koma gida ina jin duk ƙasar nan ba kamata.

Bayan wata biyu na biyo ta garin don in ji ana yabona. Me zan gani? Itacen bakin rijiya sumul, igiya ba ta ci shi ba ko kaɗan, ga mata can suna ratsa gonaki da tuluna sun nufi kududdufinsu. Na tambayi maza, suka ce, “Ka san halin mata.” Ni kuwa ban sani ba, kuma abin ya hana ni sakat. Sai na je wajen wata tsohuwa mai daddawa, Iya Kande, na tsuguna na gaishe ta.

Na ce, “Iya, ruwan ne ba daɗi?”

Ta ce, “Masu alwala dai sun ce da daɗi.”

“To me ya hana ku ɗiba?”

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Kai ne ka haƙa? Da wa ka yi shawara?”

Na ce, “Da mai unguwa, da limam, da dattawan gari.”

Ta ce, “A cikinsu wa ka taɓa gani da tulu a ka? Yanzu fisabilillahi yarinya ta zo ta duƙa tana jan guga, surukinta na zaune a gindin ɓaure yana tauna goro yana kallo? Kuma in muna da maganar mazajenmu, a gabansu za mu yi ta? Tashi ka ba ni wuri, ka tsare mini masu saye.”

Kunya ta kama ni har na sayi daddawar da ba na bukata. Da rani ya zagayo na koma na haƙa musu wata a bayan gari, inda Iya Kande ta dangwala sandarta. Ruwan bai kai na farko daɗi ba, yana da ɗan gishiri-gishiri, amma kafin shekara igiya ta yi wa itacen bakinta zane kamar tsagar fuska. Saboda haka, in ka isa gari, dagaci zai tare ka, za a shimfiɗa maka tabarma, maza za su nuna maka wuri. Ka saurare su da ladabi, amma kada ka kafa turke a ranar. Ka tashi da sassafe ka ga hanyar da masu tulu suke bi. Ba za ka shiga gidajen mutane ba, amma ba garin da ba shi da tsohuwa mai ƙosai ko mai daddawa a bakin hanya. Ka tsuguna, ka saya, ka yi tambaya irin ta wanda bai san komai ba. In ta yi maka tsawa ka jure, kuma ka rubuto mini abin da ta ce, don ina so in ji ko tsofaffin can sun kai namu baki.

Ka kuma tambaye su, tun kafin ku fara, wa zai riƙa yashe rijiyar in kun tafi. Mu a zamaninmu kowane gida sai ya fitar da ƙasa ko da kwando ɗaya ne, ko ya kawo fura, don haka kowa na jin tasa ce. Ban san yadda za ta kasance ba in baƙi suka zo da mota suka gina suka wuce. Wannan ba nasiha ba ce, tambaya ce, in ka gano amsar ka sanar da ni.

Na biyu a cikin gida na yi shi, kuma mahaifiyarka za ta fi ni iya ba da labarin, don ba ta gajiya da shi. Shekara goma sha ɗaya da aurenmu, gidanmu ba rijiya. Kowane rani ina garin wasu, makaɗa na kirana Garba mai ruwa, ana kawo mini fura da nono har bakin rami, ita kuwa tana zuwa rijiyar bakin kasuwa sau huɗu a yini, kana goye a bayanta, tulu a ka. Kullum in ce baɗi. Wata rana na dawo daga aikin mako uku, jikina duk jar ƙasa, na zauna na miƙe ƙafa na ce a ba ni ruwan wanka. Tana da tsohon cikin ƙanwarka Binta a lokacin. Ta shiga ɗaki ta fito da ludayi, ta riƙo shi da hannu biyu kada ya zube, ta durƙusa ta ajiye a gabana.

Na ce, “Wannan fa?”

Ta ce, “Ruwan wanka, Malam. Iyakar abin da rijiyar gidan nan ta bayar ke nan yau.”

Na so in yi fushi, sai na ga ƙafafunta a kumbure. Washegari na ɗauki dagi na fara a bayan ɗakin girki. Kwana goma sha tara kacal ta ci ni, abin da na sa ta jira shekara goma sha ɗaya. Da na zauna na binciki kaina, na ga ba rashin lokaci ba ne. A gida ba makaɗi, shi ke nan. Aikin jama’a yana da daɗi, Baffa, mutane za su yi ta sa maka albarka har ka ji kamar ka gama da Allah. Ka riƙa duba wanda yake ɗaukar nauyin alherin da kake yi wa wasu. Yanzu dai ba ka da mata, amma kana da uwa da za ta zauna tana ƙirga ranakun kasuwa. Ka rubuto mata, Binta za ta karanta. In Allah ya kawo aurenka kuma, ka tuna da ludayin nan.

Na uku shi ne dalilin takardar. Na ajiye alƙalami sau biyu kafin in fara shi.

Ka san sunan ƙanena Sule ka ci, shi ya sa ake ce maka Baffa, kuma ka san a rijiya ya rasu, shekara guda kafin a haife ka. Abin da aka gaya maka ke nan, kuma gaskiya ne, kwanansa ne ya ƙare. Amma akwai saura. Tare muke aiki, ni a sama, shi a ƙasa, don ya fi ni sauƙin jiki, yana sauka ta ramukan taka ƙafa da ke bango kamar ƙadangare. Ubanmu ya koya mana abu biyu da ba a tsallakewa. Kafin mutum ya sauka, a kunna fitilar aci-balbal a sa a cikin guga a zura har ƙasa. In wutar ta ci gaba da ci, a sauka. In ta yi ƙasa-ƙasa ko ta mutu, ba mai shiga, sai a ɗaure reshe mai ganye a yi ta zura shi ana jawowa har iskar ta sake, a kuma gwadawa. Na biyu, kowa zai sauka, komai gwanintarsa, da igiya a ƙugu, bakinta a hannun na sama.

An kira mu mu yashe wata tsohuwar rijiya da aka rufe da itace da ƙaya shekara da shekaru. Cikin bazara ne, ranar Juma’a da hantsi. Muka buɗe, na laluba jaka, sai na ga na bar fitilar a gida. Gari ya taru, ga dagaci a tsaye da lema. Gida mafi kusa bai fi taku ɗari ba, da na ce a aro mini fitila da an kawo kafin in gama ɗaura wando. Amma na ji kunyar a ce mai rijiya ya zo ba kayan aiki, kuma ina so mu gama kafin masallaci. Na leƙa, na sansana, na ce lafiya lau. Sule ya dube ni, don ya san abin da na tsallake, amma ni ne babba, sai ya juya ya nufi bakin rijiyar. Na miƙa masa igiya ya ce, “Haba Yaya, a wannan ’yar rijiyar?” Na ƙyale shi. Da kansa ya kusa ɓacewa ya ɗago ya ce, “Ka ajiye min furata, kar in fito in tarar ka shanye.” Mutane suka yi dariya.

Ban ji ƙara ba, ban ji ihu ba. Shiru kawai na ji, inda ya kamata in ji ƙarar kwando. Na kira shi sau uku. Na ɗaura igiya na bi shi, ban kai rabi ba kaina ya fara juyawa, sai farkawa na yi a waje ana yayyafa mini ruwa. Shi da ƙugiya aka fito da shi, irin wadda muke ciro guga. Ba ƙwarzane ko ɗaya a jikinsa. Ni na haƙa kabarinsa da yamma, ban yarda kowa ya taya ni ba.

Mutane suka ce aljanun rijiyar ne, ni kuwa na bar su a haka, don ya fi mini sauƙi. Ko mahaifiyarka ban taɓa gaya mata zancen fitilar ba. Har yau ina so in san mene ne a ƙasan nan da ke kashe wuta ya kashe mutum, ba wari ba launi. In an koya muku a makaranta, ka faɗa mini, ko da ba zai dawo da kowa ba. Amma abin da na sani ya isa ya hana, kuma na san shi a ranar.

Don haka ga abin da nake roƙonka, ba umarni nake yi ba. Kada kai ko wani a ƙarƙashinka ya sauka ba a zura fitila ba. Ba ranar farko kaɗai ba, kowace safiya, ko da jiya lafiya kuka fito. In an rufe rijiya kwana biyu, a ɗauke ta kamar ba a taɓa shigarta ba. Ka riƙe fitilar a jakarka, kada ka ba wani ajiya. In ka manta da ita, ka buɗe baki gaban kowa ka ce ka manta, ko hakimi ne a tsaye, ko Baturen aikinku. Za a sami wani gwani a cikin mutanenka, wanda ya girme ka, ya fi ka sanin rami, zai ce shi ba ya bukatar igiya. Kada ka ji nauyinsa. Ka ce ba igiya ba sauka, in ya yi fushi ya yi, gobe zai huce. Kuma ka san hannun da ke riƙe da igiyarka, kada ya zama mai yawan hira.

Yanzu ka gane. Kana yaro kana bina bakin rami ina korarka, har na taɓa marinka don ka leƙa. Kawunka ya nemi a ba shi kai ka yi karatu a birni, na amince tun bai rufe baki ba, har mutane suna mamakin mai rijiya da bai gadar wa ɗansa sana’a ba. Na ɗauka na raba ka da rami har abada. Sai ga shi karatun da na tura ka ya zagayo da kai bakin rijiya da takarda a hannu. Da ka ce a zaure za ka riƙa sauka da kanka, na rasa abin yi gaban mutane, sai na yi dariya. Tsoro ne, Baffa, ba raini ba. Kuma ƙarƙashin tsoron akwai daɗi, don na ji shugaban da zai sauka ya gani da idonsa, ba wanda zai tsaya a inuwa yana nuni da sanda ba. Ina alfahari da kai, ban taɓa faɗa maka ba.

Ba zan ce kada ka sauka ba. Amma ba na so saukarka ta farko ta zama a baƙon gari, igiyarka a hannun wanda bai san sunan ubanka ba. Akwai rijiya a gidan Malam Isa, gaba goma sha ɗaya, bangonta lafiyayye, na duba ta jiya da kaina. Na gaya masa, kuma na ce ya kira duk waɗanda suka yi dariya ran nan su zo su tsaya. Ka zo jibi Juma’a da hantsi, da tsohon wando. Zan nuna maka ɗaurin ƙugu, da yadda ake neman ramin ƙafa ba tare da an duba ƙasa ba, da yadda ake jijjiga igiya in ana so a fito. Kai za ka kunna fitilar, kai za ka zura ta. Gwiwoyina sun mutu, amma hannuwana suna nan, kuma tun ranar Sule ba wanda ya sauka a gabana ba igiya, ba kuwa wanda na riƙe wa ita bai fito ba.

In ba ka zo ba, ba zan riƙe ka a rai ba, ni na jawo. Amma zan zauna a bakin rijiyar har a kira salla.

Allah ya kai ka lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya tausasa maka ƙasa, ya ba ka ruwa mai daɗi a duk inda ka sara. Allah ya jiƙan wanda ka ci sunansa, ya yafe mini. Duk ramin da ka shiga, kai da waɗanda ke tare da kai, Allah ya fito da ku da ƙafafunku. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Garba.